Bayanin kayan aiki a ƙirƙirarriyar basira

Bayanin kayan aiki shi ne gajeren rubutun da mai haɗa manhaja yake yi domin sanar da wakilin ƙirƙirarriyar basira aikin da wata manhaja take yi da lokacin da ya dace ya kira ta. Wakilin ba ya ganin cikin manhajar, da wannan rubutu yake yanke shawara. Kamfanin OpenAI ya fito da tsarin kiran kayan aiki a watan Yunin 2023. A Nuwamban 2024 Anthropic ya fitar da Model Context Protocol, wanda a cikinsa kowane kayan aiki yake da suna, da bayani, da jerin abubuwan da yake karɓa a tsarin JSON Schema.

Auna inganci

Ana duba ko bayanin ya faɗi abin da kayan aikin yake yi, da abin da ba ya yi, da ma'anar kowane abu da ake shigarwa. Misali, manhajar duba farashin hatsi wadda bayaninta ya tsaya a "tana kawo farashi". Manomin Bichi ko Ɗambatta da ya tambayi kuɗin gero yana iya samun farashin tiya a matsayin na buhu, ko farashin Dawanau maimakon na kasuwar garinsu, ya je ya sayar da asara. Bayani mai kyau yakan ambaci ma'auni, da kasuwa, da ranar da aka ɗauki farashin.

Karatu kaɗai ba ya isarwa. Akan ba wakilin tambayoyi masu yawa, a ƙirga sau nawa ya zaɓi kayan aikin da ya dace, musamman idan biyu sun yi kama da juna.