Daga Lalle zuwa Begoniya: Tarihin Shukar Ado a Gidajen Kano

Shuka don ado kaɗai ba tsohuwar al'ada ba ce a Kano. A gidan gargajiya, duk abin da aka bari ya tsiro yana da aikin yi: lalle na ƙunshi, zogale na kwaɗo, lemun tsami na kunu da magani, durumi ko ceɗiya kuma na inuwar ƙofar gida. Bajamushen matafiyin nan Barth, wanda ya shigo birnin a 1851, ya ambaci dabino da gwanda a tsakanin gidaje. Ruwa ne ya tsara haka. Wanda ke jan guga daga rijiya ba ya zuba wa abin da ba a ci.

Sauyi ya faro bayan Turawa sun ci Kano a 1903. A Nasarawa sun yanka wa kansu manyan filaye, suka kewaye su da shingen tsirrai, suka ɗauki 'yan ƙasa aikin ban ruwa da aski. A hannun waɗannan ma'aikata sana'ar rainon shukar ado ta fara. Tsirran da suka karɓu su ne masu jure rani, irin su buganbiliya mai ƙaya, 'yar asalin Kudancin Amurka, da darbejiya ta ƙasar Indiya, wadda ta bazu a Arewa ta hanyar Barno tun daga ƙarshen shekarun 1920. Ruwan famfo daga Challawa, a farkon shekarun 1930, ya sauƙaƙa rainonsu.

Bayan ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, gwamnatin Audu Baƙo ta buɗe Gidan Zoo a farkon shekarun 1970, ta kuma gina madatsar Tiga. Birni ya miƙe kudu ta titin Zariya, gonakin Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni da Unguwa Uku suka koma filotai. Gidajen siminti irin na rukunin Kundila sun zo da baranda da ɗan fili a gaba, ma'aikatan gwamnati da 'yan kasuwa suka fara neman abin ƙawata su. Daga nan 'yan fulawa suka yawaita a gefen manyan tituna. Mai wannan sana'a yakan jera dashe a baƙar leda ko ledar fiya-wata ƙarƙashin darbejiya, ya cakuɗa turɓaya da yashi da ruɓaɓɓen kashin awaki, wanda ba ya wuyar samu kusa da kasuwar 'Yan Awaki ta Unguwa Uku. Yawancin hajarsa daga yankan reshe yake samar da ita.

Begoniya na cikin tsirran da ba su dace da wannan tsari kai tsaye ba. Danginta sun kai kusan iri 2,000, akasarinsu 'yan ƙarƙashin kurmi ne masu son laima da inuwa, a Kudancin Amurka da kudancin Asiya da dazuzzukan Kamaru da Gabon. Turawa sun rubuta bayaninta a tsibiran Karibiyan a ƙarshen ƙarni na 17. A shekarun 1850 aka kai Turai wani iri mai zanen ganye daga Assam ta Indiya, a shekarun 1860 kuma masu saiwa kamar dankali daga tsaunukan Andes. Daga barbarar irin waɗannan aka samu da yawa daga cikin na kasuwa a yau.

Kowane yanayi da irin dabararsa. A Ingila sanyi ne ke kashe ta, don haka ake tone saiwar a adana har ya wuce. A Legas da Kalaba laimar iska ta wadatar. A Kano kuwa matsalar iri uku ce. Hunturu na busar da gefen ganyen har ya yi ƙamas, zafin bazara da kan kai digiri 40 yana ƙona shi, ruwan Agusta kuma yana ruɓar da jijiya idan ya kwanta. Shi ya sa ba a dasa ta a fili. Tukunyar ƙasa mai huji a gindi ake sa ta, a ajiye a baranda inda rana ba ta dukanta sai ta safe, a jera tukwanen kusa da juna don su riƙe laima, kuma ba a ƙara ruwa sai saman ƙasar ya sha iska. Mai ganye mai sheƙi, wadda asalinta Barazil ne, ta fi sauran juriya.

Yaɗuwar rijiyar burtsatse ta ƙara yawan masu rainon irin waɗannan tsirrai, yayin da shimfiɗa intalok a tsakar gida ya mayar da shuka cikin tukwane. Duk da haka, a gidajen da ke sayen ruwa wurin 'yan ga-ruwa, zogale da lalle ne har yanzu suka fi samun gurbi.