Tarihin Wot: Wa Ya Ce 14 Ta Tura Kowa Kasuwa?

Maƙalar wannan mako a kan karta take, amma kada a yi saurin tsuke fuska.

Duk wanda ya tashi a Goron Dutse, ko ya saba ratsawa ta Ƙofar Waika da Kabuga da yamma, ya san majalisar 'yan Wot. Ya kuma san ba a cika tashi ba musu ba. Wani ya jefa 2, na gaba ya tare da tasa 2, sai gardama ta kaure: ana tarewa ko ba a tarewa? Abin lura shi ne babu mai iya ɗaga katin ya ce ga abin da aka rubuta, domin ba komai a jikinsa sai lamba da zane.

Asalin wasan daga Ingila yake. Wani mai suna William Henry Storey ne ya ƙirƙiro shi, aka yi masa rajista da sunan Whot a 1935. Daga baya kamfanin Waddingtons na birnin Leeds ya karɓi buga shi, ya yi ta fitar da shi har cikin shekarun 1990. Kati 54 ne: ƙwallo 12, angul 12, kuros 9, kafet 9, tauraro 7, sai Wot guda 5 masu lamba 20. Babu 6, babu 9.

A tsarin Turawa, kusan kati ɗaya ne mai iko, wato 20, wadda mai ita ke neman zanen da ya ga dama. Sauran kuwa a bi lamba ko a bi zane. Da wasan ya shigo Nijeriya sai ya samu gidan zama fiye da inda aka haife shi, 'yan ƙasa kuma suka naɗa wa lambobi sarauta. 1 ta zama "hol on", mai ita ya sake jefawa. 2 ta ce na gaba ya ɗebi biyu, 5 ta ce uku. 8 ta tsallake mutum. 14 ta zama "jana maket", kowa ya tafi kasuwa ban da wanda ya jefa.

To a nan gizo ke saƙar. Dokokin nan a baki suka yaɗu, daga makarantun kwana zuwa bariki da tashar mota, don haka kowace majalisa da fassararta. Wasu sun yarda a tare 2 da 2 har nauyin ya taru a kan na ƙarshe, wasu sun ce sam. Wasu ba su san 5 da wani iko ba. Wasu sun hana a gama wasa da kati mai iko. Wanda ya manta bai ce "las kad" ba, nawa zai ɗiba? Amsar ta danganta da tabarmar da kake zaune a kai. Inda kuwa kuɗi suka shiga, wasa ya koma caca, wannan saɓani kan raba abokai, kuma shi ya ƙara ɓata wa karta suna a Kano, musamman bayan ƙaddamar da shari'a a 2000.

Ba mu kaɗai ke fama da wannan ba. A 1993 Richard Garfield ya fito da Magic: The Gathering a Amurka, inda kowane kati ke ɗauke da bayanin aikinsa a rubuce, da ƙa'idar cewa in rubutun kati ya saɓa wa littafin doka, kati ake bi. Sai musu ya tashi daga baki ya koma kan kalma. Dole kamfanin ya tanadi alƙalan gasa, ya kuma buɗe rumbun Oracle mai ɗauke da gyararren lafazin kowane kati. Su kuwa masu Uno, a 2019 suka sanar a Twitter cewa ba a ɗora katin ɗebi-biyu a kan ɗebi-huɗu. Jama'a suka yi musu caa, kowa ya ci gaba da yadda ya saba.

Ke nan rashin rubutu na haifar da gardama, rubutu mai harshen damo ma haka. Shi ya sa gogaggun 'yan Wot ba sa raba kati sai sun tambaya: "Da tarewa ko babu?" Doka kafin wasa yarjejeniya ce, doka a tsakiyar wasa kuwa maguɗi.

Mu ma haka ne da mai karatu. In ka nuna a babi na biyu cewa layar jaruminka ba ta aiki in ya taɓa ruwa, kada a babi na goma ya tsallake kogi da ita don kawai ka rasa mafita. Mai karatu zai yafe maka aljanu da tsafi, amma ba zai yafe maka canza doka bayan an raba kati ba.

Allah ya ƙara wa alƙalumanmu kaifi. Sai mako mai zuwa.