Taya

tayā̀ sn., mc., jam. tayōyī. Daga Ingilishi.

1. Kewayayyiyar roba da ake ɗora wa wilin mota, babur ko keke: tayar babur ta yi faci tsakanin Gandi da Rabah.

2. Ƙafar abin hawa gaba ɗaya: tayoyin motar albasa sun kafe a yashin Goronyo.

3. (kimiyya) taya mai ji: wadda aka buga wa siririn ma'auni a cikinta da tawada mai ɗaukar lantarki, ta azurfa ko gawayi. Idan robar ta miƙe ko ta lanƙwashe, gudun lantarkin yakan sauya, ma'aunin ya sanar da kwamfutar mota nauyin kaya da yadda tayar ke kama hanya.

Dangogi: safaya taya, suɗaɗɗiyar taya (wadda zanenta ya cinye), mai faci, nj., jam. masu faci.