Mu da Ke Ɗaga Wayar 112

Wanda ya rayu a zamanin kamfanin tarho na NITEL zai tuna da lambar gaggawa 199. Tana nan a rubuce, amma gida nawa ne a unguwa ke da tarho? In gobara ta tashi, yaro ake ɗorawa a kan keke ya je ya faɗa wa 'yan kwana-kwana da baki. Da wayar salula ta shigo a 2001 ma ba ta sake zani ba: kowa ya nemi lambar DPO ko ta wani ɗan uwa mai kaki ya adana, domin mutum aka yarda da shi, ba ofis ba.

Ita kanta sana'ar tamu fushin mai kira ne ya haife ta. A 1935 gobara ta kashe mata biyar a titin Wimpole da ke Landan. Wani maƙwabci ya ɗauki waya zai kira 'yan kwana-kwana, masu haɗa layi suka shanya shi, sai ya rubuta wa jaridar Times wasiƙar ƙorafi. Ranar 30 ga Yuni, 1937, aka buɗe 999. Amurka ta fara 911 a 1968, Turai ta tsayar da 112 a 1991. Mu a Najeriya, dokar sadarwa ta 2003 ce ta ɗora wa hukumar sadarwa ta NCC nauyin samar da lambar gaggawa, hukumar ta shiga gina cibiyoyin 112 jiha-jiha. An buɗe ta Katsina a 2019, Shugaba Buhari ya buɗe ta Abuja a watan Maris na 2020, daidai lokacin da korona ta kunno kai.

Abin da jama'a ba su sani ba shi ne, a ɗakin da muke zaune babu motar asibiti ko ɗaya, babu tankar ruwa. Namu mu ji, mu rubuta, mu miƙa wa 'yan sanda, ko kwana-kwana, ko jami'an kiyaye haɗurra, waɗanda su ma suna da tasu lambar, 122. In can aka ce ba mai a mota, mai kira bai ji wannan ba. Muryarmu ya ji, mu zai tsine wa, kuma gobe zai faɗa a majalisa cewa lambar nan ta bogi ce. Jifa ta wuce kan wani, ta faɗa kanmu.

Sai maganar kwatance. Mace ta kira tsakar dare, numfashi sama-sama: "Don Allah ku zo, maigidan ne ya yanke jiki ya faɗi!"

"Hajiya, kwantar da hankalinki. Wace unguwa?"

"Bayan masallacin Juma'a, layin mai shayi, gida mai jan ƙyaure."

A garin da masallatan Juma'a suka fi a ƙirga da yatsu! Tsofaffin hannu a cikinmu kowa na da ɗan littafinsa na alamomi: gidan mai kaza, tsohuwar tasha, injin niƙan wane. A ganina littattafan nan sun fi wasu na'urori masu tsada amfani, kuma ya kamata a tattara su a zuba a taswira ɗaya da mu da direbobi za mu riƙa dubawa. Landan ma ta ɗanɗana kuɗarta a 1992, da sabuwar kwamfutar rarraba motocin asibitinta ta rikice, marasa lafiya suka yi ta jira na sa'o'i.

Kiran wasa kuwa, tunda kyauta ne, ba a magana: yara, masu gwada sabon layi, har da masu roƙon kati.

Tsoro ya fi wannan illa. Mutum ya ga haɗari a hanya, kafin ya faɗi wurin sai ya tambaya, "Ba dai za a ce ni na kaɗe shi ba?" A maganar harbi ma haka ne, alhali akwai dokar 2017 da ta wajabta wa asibiti karɓar wanda aka harba ko da babu takardar 'yan sanda, ta kuma hana a takura wa wanda ya kawo shi. Kaɗan ne suka san da ita, mu kuma ba mu cika faɗa ba.

Gyaran da ke hannunmu ba ya cin kuɗi da yawa. A daina cewa "suna nan tafe" alhali ba a tabbatar mota ta tashi ba. In babu, a faɗa wa mutum gaskiya tun da wuri ya nemi a-daidaita-sahu. A sake kiransa bayan 'yan mintuna a ji ko an iso, a rubuta amsar, ƙarshen wata a ajiye ta gaban hukumar da aka miƙa wa. Sannan kada a bar shi riƙe da waya hannu rabbana. Tun ƙarshen shekarun 1970 wani likita a Amurka, Jeff Clawson, ya tsara tambayoyi da umarnin da mai ɗaga waya zai bi: yana numfashi? Danna wurin jinin da tsumma mai tsabta, juya shi ta gefe. Muna buƙatar irin wannan a rubuce da Hausa, Fulatanci da Kanuri, likitoci su duba su amince, maimakon kowannenmu ya riƙa fassarawa da ka, ga mace tana kuka a kunnensa.