Daga Gandu Zuwa Aji: Yadda Hanyar Gona Ta Toshe wa Ɗaliban Yammacin Zamfara

Jihar Zamfara, wadda aka yanke daga Sakkwato ranar 1 ga Oktoba, 1996, da noma take yi wa kanta kirari. Sai dai a Nasarawa Burkullu da ke ƙaramar hukumar Bukkuyum, da garuruwan Anka da Gummi, malamin da ya ce zai kwashi ɗalibansa zuwa gona su ga yadda ake shuka, kafin ya nemi mota sai ya fara tambayar ko hanya lafiya. Yaya aka yi ɗan manomi ya koma baƙo a gona?

A da, gona ita ce makarantar farko. Yaro yakan tashi a gandu, yana bin mahaifinsa da yayyensa. Ya fara da korar tsuntsaye da kai fura, sannan ya bi mai sungumi yana jefa iri, daga baya a damƙa masa fartanya. In ya tasa, a yanka masa gayauna tasa ta kansa. A nan yake sanin ƙasar da gero ke so da wadda ta dace da dawa, da yadda ake ɗaure dami a jera a rumbu. Almajirai ma sukan yi noma a gonar malaminsu. Tarihi kuwa a bakin tsofaffi ake jin sa: yadda Gobirawa a zamanin Sarki Babari suka ci Birnin Zamfara a shekarun 1760, da yadda sarautar ta yi ta ƙaura har ta zauna a Anka.

Boko da ya zo bai fara da raba yaro da aikin hannu ba. A 1909 Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano, wadda suna kawai ya haɗa ta da ta Bukkuyum. Da Hausa ake koyarwa, kuma akwai sashen sana'o'i kamar ƙira da dukanci. Amma da takardar shaida ta zama hanyar samun aikin albashi, iyaye suka fara kallon boko a matsayin mafita daga fartanya. A makarantu da yawa, yankan ciyawa da aikin gona suka zama horon wanda ya makara.

A 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta fito da shirin ciyar da ƙasa, OFN, aka ce makarantu su yi gonaki. A shekarar kuma aka fara ilimin firamare kyauta, azuzuwa suka cika. Shirin noman bai daɗe ba, domin daga sama aka sauko da shi, ba a nemi Sarkin Noma ko tsohuwar da ke ajiye iri su shigo aji ba.

Abin da ya faru a 2010 ya nuna cewa shi ma gandu yana da giɓi. A ƙauyuka irin su 'Yargalma a Bukkuyum da Dareta da Bagega a Anka, mutane suna niƙa dutsen zinari a cikin gidaje, ba su san yana ɗauke da dalma ba. Yara fiye da 400 suka rasu, sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka zuba sabuwa. Babu dattijon da ya gaji sanin wannan guba. Darasi ne na kimiyya, wanda ya kamata a koyar a bakin turmi.

Daga nan sai rashin tsaro. Ranar 26 ga Fabrairu, 2021, aka sace 'yan mata 279 a makarantar Jangebe. A Satumbar shekarar aka kwashe ɗalibai a Kaya ta Maradun, gwamnati ta rufe makarantun jihar. Manoma kuma, a wurare da dama, sai sun biya 'yan bindiga haraji kafin su yi girbi. Iyalai suka baro ƙauyuka, 'ya'yansu suna girma nesa da gonakin kakanninsu.

Mu masu rubuta manhaja mun san haɗarin bayanin da aka ajiye a wuri guda: ran da na'urar ta lalace, shi ke nan. Sanin irin geron da ke nuna da wuri, ko inda iyakar wata gona take, yana kan tsofaffi ƙalilan ne, kuma yawancinsu gudun hijira ya tarwatsa su.

Saboda haka ziyarar ɗalibai ba sai ta jira ranar da daji zai lafa ba. A cikin gari akwai rumbu da maƙera da kasuwar hatsi, akwai dattijon da ya gudo daga ƙauye da iliminsa. A kai ɗalibai wurinsa, su riƙe irin da hannunsu, su naɗi muryarsa a waya, malamin kimiyya ya ƙara nasa bayani. Ran da hanyar gona ta buɗe, za a buƙaci waɗanda suka san abin da za su shuka.