Daga Wusasa Zuwa Karu: Tarihin Darussan Dole a Makarantun Mishan

Duk ɗalibin da ya taso daga Gyaɗi-Gyaɗi ko Tarauni ya shiga jami'a ya san darussan GST, waɗanda ake wajabta wa kowa, ko likita zai zama ko lauya. Jami'o'in Kirista ma ba su tsira daga wannan ƙa'ida ba, kuma tarihinsu yana da darasi ga marubucin Hausa.

A shekarar 1900 ayarin mishan na Bishop Tugwell, wanda Dokta Walter Miller ke ciki, ya iso Kano, amma Sarki Alu bai ba su masauki ba. Daga baya Miller ya zauna a birnin Zariya ya buɗe makaranta, wadda aka mayar Wusasa. Ba addini kaɗai aka koyar a can ba, har da rubutun boko da Turanci da lissafi, domin wanda bai iya karatu ba, ba zai karanta littafin addininsa ba. Daga Wusasa aka sami Dokta R.A.B. Dikko, likitan farko ɗan Arewa. Wannan kula da harshe ita ta kai ga fassarar Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Haka kuma G.P. Bargery, wanda ya fara zuwa a matsayin ɗan mishan, ya fitar da ƙamusunsa a 1934.

Darussan dole na digiri kuwa daga Amurka suka zo, ta hannun Jami'ar Nsukka da aka buɗe a 1960. A 1989 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta shimfiɗa ma'auni guda ga kowa. Saboda haka da cocin ECWA ya kafa Jami'ar Bingham da ke Karu a 2005, sai ta tarar da Turanci da falsafa da al'adun Nijeriya suna jiran ɗalibanta, ban da tarbiyyar addini da take ƙarawa.

To, abin lura shi ne, babu rubutun Hausa cikin abin da hukumar ta wajabta wa kowa. Mutum zai gama digiri bai san inda ake raba kalma ba. Idan baƙi sun shafe shekaru suna tattara kalmominmu, ashe mu marubuta ne ya fi kamata mu nema wa harshen gurbi a wannan manhaja.