Dafin Kibiya da Zuciyar Barewa

Kafin bindiga ta yawaita, maharban Kwatarkwashi a ƙasar Bunguɗu, da na dazukan Tsafe, da tsiron kwankwani suka dogara. Kakana, wanda ya yi harbi kafin ya zauna Gusau, ya ce 'ya'yan tsiron ake dakawa a dafa har su yi kauri, sannan a shafe bakin kibiya. Barewa takan yi ɗan gudu, sai ta faɗi. Maharbi ya yanke naman da ke kewaye da raunin ya yar, sauran kuwa a ci lafiya.

Abin da dafin ke yi shi ne ya kama tsokar zuciya kai tsaye, zuciya ta riƙa damƙewa da ƙarfi har ta kasa sakewa. Thomas Fraser na jami'ar Edinbara ya gwada ɗan'uwan tsiron, wanda aka kai daga yankin kogin Zambezi, a kan kwaɗi da zomaye. A 1885 ya gabatar wa likitoci shi a matsayin maganin raunin zuciya, ɗigo kaɗan kawai. A ganina maharbanmu sun riga shi sanin aikin tsiron. Da ma'aunin awo ne ya fi su.